Ƙunshin Sallamar Baƙuwa

Da kwaɓin lalle na tashi ran nan. Na idar da sallar asuba, na hura gawayi, na ɗora ruwan koko. Na jawo kwanon da na jiƙa tun jiya na matsa masa lemun tsami. Gari shiru. Zakaran maƙwabta na ta cara, mai ruwa ya wuce da kurarsa yana buga jarka. Masu cewa jikinsu ya ba su, su suka sani. Ni dai nawa bai ba ni komai ba.

A unguwar Gabukka gidanmu yake, can bakin gari, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Maigidana direba ne. Buba sunansa, amma ban taɓa kiransa da shi ba. Baban Ummi nake cewa, kuma haka zan ci gaba da cewa a nan. Ba ya bin layi a tasha. Baƙi yake ɗauka, 'yan kasuwa daga kudu, ma'aikatan agaji, jefi-jefi da masu yawon buɗe ido. A shekarun tashin hankalin nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Mota sai ta yi mako a ƙofar gida awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Ana haka sai ga Marta. Baturiya ce daga Fotugal, 'yar firit da ita, kai fari fat da furfura, ta kai sa'ar Innata. Malamar makaranta ce da ta ajiye aiki ta ce sai ta ga duniya da idonta. Malam Sale, wani direba abokinsa, shi ya kawo ta daga Bauchi ya miƙa masa ita hannu da hannu, yadda suke yi. Jaka ɗaya gare ta. Da ɗan Turancina na sakandare da nuni muke hira. Ta nuna mini a wayarta taswirar da hukumar ƙasarsu ke ba matafiya. Duk yankinmu an shafe shi da ja. Na ce ashe cikin wuta muke zaune ba mu da labari. Ta yi dariya, ni ma na yi.

Kada wani ya ce sakarya ce, wallahi ba sakarya ba ce. Tana da dokokinta kuma tana bin su. Ba ta tafiyar dare. Ba ta sauka a otal inda Turawa ke taruwa, shi ya sa muka gyara mata ɗakin marigayiya surukata. Ban da direbanta, ba ta faɗin inda za ta sai an kama hanya. Ba ta wuce kwana biyu a wuri guda. Shi ma Baban Ummi yana da nasa. Ba ya ɗora baƙo a hanya sai ya je tasha da safe ya ji labarinta daga bakin direbobin da suka shigo. Kuma wanda ya karɓa, shi da kansa ke miƙa shi ga na gaba. Kullum sai ya ce mini, "Dija, baƙo amana ne, ba buhun masara ba."

Kwana biyunta sun cika. Da asubar ran nan ya kamata su kama hanyar Kaltungo, ta ga duwatsun Tula, su zarce Yola. Amma da yammacin jajibirin tafiyar ta ga 'yar maƙwabta da jan lalle, ta kama hannun yarinyar tana ta juyawa. Na ce mata a garinmu mace ba ta barin gidan mutane da farin hannu kamar korarriya. Wasa nake yi. Ta ce tana so. Na ce jan lalle ba ya son gaggawa, zama ake yi masa. Ta dubi Baban Ummi. Ya ce, ina dokar kwana biyun? Ta ce rabin yini kawai. Ya girgiza kai ya ce mata sun fi ƙarfinsa, a tashi bayan azahar. Ni na kawo maganar, ita ta roƙa, shi ya yarda. Na daɗe ina raba wannan abu a tsakaninmu uku, har na gaji na bari.

Ƙarfe bakwai ya sha kokonsa a tsaye. Ya leƙo tsakar gida ya same mu a tabarma, ina yanka salatif ina manna wa Marta zane a ƙafa.

"Baƙuwa zan kai Yola ko amarya?"

"Je ka nemo mai, ka bar mata da aikinsu."

Ya ɗaga Ummi sama ya sauke. Ya ce in na dafa shinkafa in ajiye masa ƙanzo. Ya fita. Motar ta yi tari sau biyu kafin ta tashi, kamar kullum.

Na shafe mata ƙafafu har idon sawu, na naɗe da leda, na ɗaure da tsumma. Hannaye ma haka. Ragowar na ƙunsa wa kaina hannun hagu, don kada ya lalace. Ta jingina da bango hannu da ƙafa a ɗaure kamar ragon layya, ina ba ta koko da ludayi a baki. Ummi, 'yar shekara uku a lokacin, ta tsaya tana ta ƙyaƙyata mata dariya.

Wajen ƙarfe tara muka ji na farko. Dum, can nesa, ta bayan gari. Na ce tayar babbar mota ce ta fashe. Kaji suka yi tsit. Sai na biyu, har ƙofar langa-langa ta amsa. Daga nan sai ta-ta-ta ba ƙaƙƙautawa, kamar ana suyar gugguru. Marta ta dube ni. Ita ma ta san ba taya ba ce.

Waya ta yi ƙara, na ɗauka da hannu ɗaya. Baban Ummi ne. Yana tasha, cikin gari, inda babu abin da ke faruwa.

"Ku shige ɗaki ku kulle! Kada ku fita, ga ni nan!"

"Don Allah tsaya inda kake!"

"Baƙuwa na gidana, Dija."

Layin ya yanke. Na sake kira, babu sabis. Na sake, na sake. Shiru.

Na ja Marta da jan gindi har cikin ɗaki, don ba ta iya takawa. Na tura Ummi ƙarƙashin gado. Muka zauna a ƙasa muna sauraro. Ƙarar babura da yawa, ba irin ta 'yan acaɓa ba, a tare suke tafiya. Ihun maza. Gudun ƙafafu a bayan katanga. Wata mata na ta kiran sunan ɗanta, har muryarta ta dushe. Harbin da ke nesa ya daina zama na nesa. Yanzu ina jin ƙarar, sannan in ji abin da ta daka.

Aka buga ƙofar gida da ƙarfi. Goggo Asabe ce, maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa.

"Dija! Fito! Sun shigo ta gonaki! Fito da Baturiyar nan, duk unguwa an san tana nan!"

Gaskiya ta faɗa. Marta ba ta faɗa wa kowa inda take, amma ni na faɗa mata su. Ranar da ta sauka na zaga da ita gida-gida ta gaida mutane, don haka ake yi. Ba ka ajiye baƙo a ɗaki kamar kayan sata. Yara sun bi mu har gida suna kiran sunanta. Duk wanda ya tare yaro ɗaya ya tambaya ina Baturiya, za a nuna masa ƙofarmu da yatsa. Kuma mun sha jin abin da mutanen nan ke yi da farar fata in sun samu, da abin da suke yi da mai masauki.

Miji ya ce kada a fita. Ban taɓa ƙetare maganarsa a babban abu ba. Na dubi ƙofa, na dubi tsohuwar nan da na ɗaure da hannuna. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Na tashi.

Da haƙori na kwance ƙunshina. Nata da wuƙar yankan albasa na farke. Lalle ya kama, ja wur, amma babu lokacin wankewa. Na zura mata hijabina mai jan ƙasa. Goggo Asabe ta jefo niƙabin 'yarta. Komai ya rufu sai idanun, shuɗaye kamar na mage. Na kama haɓarta na sunkuyar. Na ce da Hausa, "Ƙasa za ki duba!" Ta gane. Takardun tafiyarta dama a wuya take rataye su, ko barci za ta yi. Jakar muka bari. Na goya Ummi, na tamke zani, muka fita tare da Goggo Asabe.

A ƙofar masallacin layinmu Baba Jauro na zaune a kan buzunsa. Tsoho ne mai ciwon ƙafa, ya ce shi ya gama gudu a duniya. Na tsaya na ce, "Baba, in Baban Ummi ya zo, ka ce muna unguwar Dawaki, gidan yayarsa Adda Mairo." Ya ɗaga mini sanda. Muka wuce.

Titi ya cika. Wani na tura mahaifiyarsa a baro. Wata ta fito da murfin tukunya a hannu, ba tukunyar. Keke ya kife a kwata, tayarsa na juyawa. Babu mai kuka, numfashi kawai ake ji da ƙarar silifa. Wani mutum a gaba ya yi ihu, "Ku bar titi! Kwari! Ku faɗa kwari!" Muka bi shi.

Kwarin nan da ruwan sama ya haƙa a bayan unguwa, wanda kullum muke zagi don yana cin gidajen mutane, shi ya ɓoye mu. A gangaren Marta ta zame. Ɗanyen lalle ya sa ƙafarta santsi, silifa ɗaya ya fice, ɗayan ya tsinke. Ta sunkuya za ta nema, na finciko ta. Daga nan ba takalmi ta yi tafiyar, a kan fasassun kwalabe da ƙaya da sharar gari. Ko wash ba ta ce ba. Hannunta na cikin nawa, lallenmu ya haɗu ya yi danƙo.

Wajen sha ɗaya jirgin yaƙi ya zo. Kafin ka ji shi ya wuce. "Ku kwanta! Ku kwanta!" Muka zube. Na juyo da Ummi na danne ta da ƙirjina. Ƙasa ta girgiza sau biyu, yashi ya zubo mana daga bakin kwari. Ummi ta yi mini fitsari a jiki. Na ji ɗuminsa, na ce alhamdu lillahi tana da rai.

Da muka miƙe, hannun hijabin Marta ya zame. Wani matashi ya ga fatar damtsenta. Ya ja da baya.

"Kai! Wannan wace ce? Za ku jawo mana!"

Goggo Asabe ta juyo. "Kakarka ce! Wuce, marar kunya!"

Ya wuce. Sauran suka dubi ƙafafun, jajaye har idon sawu kamar na kowace tsohuwa a garin nan, suka kawar da kai. Ina jin wasu sun gane. Babu wanda ya sake magana.

Muka fito daga kwari kusa da babban titi. Sojoji sun tare hanya da buhunan yashi. Tun daga nesa suka tsayar da mu.

"Tsaya nan! Hannu sama! Mata, ku ɗaga hijabi!"

A lokacin mace mai dogon hijabi abin tsoro ce, kowa ya san dalili. Muka ɗaga. Marta ba ta ji abin da aka ce ba. Ta tsaya a rufe ruf, ita kaɗai, kanta a ƙasa yadda na umarce ta. Na ji ƙarar gyara bindiga. Mutane suka dare suka bar mu. Na manta duk Turancin da na sani. Na kai hannu na fizge niƙabin, na yaye hijabin gaba ɗaya. Ga furfura, ga shuɗin ido, ga hannaye biyu jajaye a sama. Sojan ya sauke bindiga ya buɗe baki. Babbansu ya zo ya duba takardunta. Ya so ya sa ta a motarsu. Ta damƙe gefen zanina ta ƙi saki. Ya tambayi gidan da za mu, na faɗa, ya ce mu wuce, kada ta leƙo waje.

Ana kiran azahar muka shiga Dawaki. Adda Mairo, yayar Baban Ummi, na tsaye a zaure ba ɗankwali. Ta ƙirga mu da ido. "Ina Buba?" Na ce yana tafe.

Adda ta kawo ruwan ɗumi da gishiri ta sa ƙafafun Marta a roba. Ruwan ya yi ja. Ba a gane wanne ne jini wanne ne lalle. Da allura ta riƙa ciro ƙaya da ɓurɓushin kwalba. Marta na cije leɓe tana cewa "ba komai, ba komai." Ita ce Hausar da ta fi iyawa.

Bayan la'asar harbi ya tsaya. Rediyo ya ce an sa dokar hana fita. Na zauna a zaure ina jiran tarin motar nan. Motocin sojoji ne kawai ke wucewa. Na ce dokar ce ta ritsa da shi a wani wuri. Adda ta ce haka ne. Marta ta zo da rarrafe ta zauna kusa da ni. Aka yi magariba, aka kawo tuwo, aka mayar.

Washegari da hantsi sabis ya dawo. Na kira. Ta yi ta ringi. A kira na uku aka ɗauka, ba muryarsa ba. Ɗan Baba Jauro ne. Ya yi sallama, sannan ya ce in ba Adda wayar.

A bakin layinmu aka samu motar, hancinta na kallon gida, tanki cike da mai. Yana zaune a mazauninsa. Ban san harsashin wa ba ne, kuma babu wanda ya sani. Direbobin tasha sun ce sun riƙe shi, har wani ya zare makullin, ya ƙwace. Duk gari na gudu ta nan, shi kaɗai ya nufi can. Da na lissafa, lokacin da ya iso muna kwance a cikin kwari. Baba Jauro ya hango motar daga ƙofar masallaci, ya ɗaga sanda zai kira shi. Da ya zo mini gaisuwa cewa ya yi, "'Yata, saƙonki na nan a bakina. Ban samu wanda zan ba ba."

Gidanmu kuwa ko ƙofar ba a taɓa ba. Babu wanda ya shiga layin. Babu wanda ya tambayi Baturiya. Jakarta na nan a kan gado, koko ya bushe a kwano da ludayin a ciki, tsummokaran da na farke na warwatse a tsakar ɗaki.

Mutanen ofishin jakadancinsu suka yi ta kira, za su turo mota da 'yan sanda. Ta ce sai an yi sadakar uku. Ta zauna cikin mata, ƙafafu a naɗe da bandeji, hijabina a jikinta. Masu gaisuwa in sun gama da ni sai su juya su ce mata ya haƙuri. Ta koyi cewa "da godiya." Na ji haushinta a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. In na dubi hannunta sai zuciyata ta yi baƙi. Sai kuma in dubi nawa.

Ranar tafiya motar ta zo da 'yan sanda biyu a baya. Na ce ba haka ake yi ba. Na sa aka kira Malam Sale, wanda dama ya zo jana'iza bai koma ba. Mai takaba ba ta fita, don haka a zaure na tsaya, bayan labule. Na ce, "Malam Sale, ga amanar Baban Ummi. Yadda ka kawo ta haka na maido maka, sai ƙafa da ta ji ciwo." Ya ce ya karɓa. Ya shiga gaban motar ya raka ta har Bauchi.

Kafin ta fita ta tambaye ni, in ta koma aka ce mata yaya ƙasar take, me za ta ce? Na ce oho. Na gaji a lokacin, ko tunani ba na iyawa. Sai na ce ta faɗa musu abin da ta gani duka, kada ta cire harbin, kada ta cire kokon. Ta rungume ni. Ƙashi ne kawai a jikinta.

Ta isa gida lafiya. Tana kira duk sallah. Ba mu da abin cewa da yawa, sai ta ce "ina Ummi," in ce tana makaranta.

Tsofaffi suka ce ba a takaba da lalle. Suka dirje mini hannu da toka da omo har fata ta yi zafi. Liman ya aiko a bar ni, abin da aka sa kafin rasuwa ba ado ba ne. Na tafin hannu ya koɗe da kansa cikin 'yan makonni. Na farce shi ba ya koɗewa, sai dai ya tsiro ya fita. Duk Juma'a in na zo yanke farce sai in ga fari ya ƙaru daga ƙasa, ja ya matsa sama. Wannan lallen ne abu na ƙarshe da ya gan ni ina yi. Na riƙa yanka kaɗan-kaɗan, kamar mai tsimin gishiri.

In an ƙirga, abin da gidanmu ya rasa ran nan ba shi da yawa. Silifa guda biyu, gilashin mota, da shi.

Ranar fita takaba Adda Mairo ta kwaɓo sabon lalle, yadda aka saba. Na ce ta ɗan jira ni. Saura siririn layi ɗaya a bakin babban yatsana, bai fi zare ba. Na ƙara masa mako guda. Juma'ar da ta zagayo farcen ya fara kama zani, ba yadda zan yi. Na zauna a tabarma na sa reza na yanke. Na duba inda ya faɗi, ban gan shi ba.